Wa ke riƙe da makullin littafina?

Watanni kaɗan da suka wuce wayata ta suɓuce daga aljihu sa'ad da nake sauka daga kabu-kabu a bakin kasuwar Dole ta garin Zinder, gilashinta ya tsage daga sama har ƙasa, rabin allon kuma ya koma baƙi ƙirin. Na kai ta wurin wani mai gyara wanda ya taɓa zama ɗalibina, ya karɓe ta hannu biyu, ya jujjuya ta, sannan ya kira ni da sunan da ɗalibai ke kiran malaminsu a nan Nijar, ya ce, "Mushe, sai dai ku bar ta zuwa gobe, kuma ku ba ni lambar buɗewa domin in gwada ko sabon gilashin yana jin yatsa ko'ina." Na faɗa masa lambar ba tare da wani tunani ba. Ya rubuta ta a guntun takarda, ya manna a bayan wayar, ya ajiye ta cikin wani kwali tare da wasu wayoyi kamar goma, kowace da takardarta a baya. Sai da na isa gida, na yi sallar magariba na zauna, sannan na fara lissafin abin da na bari a cikin kwalin nan.

Ni malamin tarihi ne, kuma kusan shekara goma ke nan ina bin tsofaffi a unguwannin Birni da Zango da garin Mirya ina rubuta abin da suka ji daga bakin iyayensu game da Damagaram ta da. Duk wannan, tare da shirin darussa da sunayen magungunan mahaifiyata da lissafin bashin da ke tsakanin ƴan uwa, yana cikin manhajar rubutu da ta zo tare da wayar, sauran kuma yana cikin saƙonnin da nake aika wa kaina ta WhatsApp. A cikin rubutun akwai hirar wata tsohuwa, Allah Ya jiƙan ta, wadda ta lissafa mini gidajen da asalinsu bayin fada ne, gida bayan gida, da sunayen kakanninsu da inda aka kamo su. Jikokin waɗannan gidaje suna nan da ransu, wasu manyan mutane ne, wasu ana neman auren ƴaƴansu. Da ta gama sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na yi mata alkawari, sannan na ɗauki maganarta na zuba a cikin wayar da lambobi huɗu ke buɗe ta, na kuma miƙa lambobin da bakina.

Yaron bai yi mini laifin komai ba. Ya gyara wayar, na biya shi, kuma ba ni da dalilin zargin ya buɗe wani abu. Amma daren nan ya sa na fara neman wurin da ya dace in ajiye rubutuna, kuma binciken ya ɗauke ni lokaci fiye da yadda na zata, domin yawancin bayanan da ke intanet a kan wannan batu an yi su ne domin mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa, katin bankinsu yana biyan dala, kuma babu mai taɓa wayarsu sai su kaɗai. A garinmu waya tana kwana wurin mai caji, ƙane yana aronta ya kira, yara suna karɓa su kalli bidiyo. Hannun da ya fi kusa da sirrina na wanda nake gaisawa da shi kullum ne, kamfanin Amurka kuma yana can baya.

Duk da haka sai da na fahimci batun kamfani kafin in iya zaɓe, kuma a nan ne talla ta fi ruɗa mutum, saboda kusan kowace manhaja tana cewa bayananka a kulle suke. Gaskiya ne a kulle suke, abin tambaya shi ne wa ke riƙe da makullin. A manhajoji irin su Google Keep da Notion da Evernote, rubutu yana tafiya a kulle tsakanin wayarka da kwamfutocin kamfanin, yana kuma zama a kulle a can, amma makullin yana hannun kamfanin. Kamar ka zuba hatsinka a rumbun wani ne, rumbu mai ƙarfi da ɓarawo ba zai fasa ba, sai dai mai rumbun yana iya buɗewa duk ranar da ya ga dama ko ranar da hukumar ƙasarsa ta umarce shi. A watan Disamba na 2016 Evernote ya sanar da cewa zai bar wasu ma'aikatansa su riƙa duba rubutun jama'a domin inganta fasahar koyar da na'ura, mutane suka yi ca, kamfanin ya janye cikin ƴan kwanaki. Ni ban taɓa amfani da shi ba, amma labarin ya nuna mini cewa ikon karantawa yana nan tun farko, sanarwar ce kawai ta tona shi. A 2018 kuma Amurka ta yi dokar da ake kira CLOUD Act, wadda ta wajabta wa kamfanoninta miƙa bayanan da ke hannunsu idan an ba su umarni bisa doka, ko da kwamfutocin da bayanan suke ciki suna wata ƙasa. Nijar ma tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita a Yamai, kuma an sabunta dokar a 2022. Abu ne mai kyau, amma ban ga yadda malamin makaranta a Zinder zai kai ƙarar kamfanin da ke Kalifoniya ya kuma ga sakamako ba.

Ɗaya salon kuwa shi ne a kulle rubutu tun a cikin wayarka, da makullin da aka ƙera daga kalmar sirrinka, ta yadda abin da ke isa wurin kamfani tarkacen haruffa ne da shi kansa ba ya iya karantawa. Akwai hanya mai sauƙi ta gane wane salo manhaja take bi ba sai ka san lissafi ba. Ka duba abin da take cewa game da wanda ya manta kalmar sirrinsa. Idan ta ce za ta aiko maka da saƙo ka sake sabuwa, kuma duk rubutunka zai dawo yadda yake, to makullin yana wurinta. Idan ta gargaɗe ka cewa mantuwa asara ce kuma babu mai iya ceton ka, to kai ne mai makullin. Gargaɗin da ke tsorata mutane shi ne alamar da nake nema.

WhatsApp ma, wanda da yawanmu muka mayar littafin ajiya, yana kulle saƙonni ta wannan salo na biyu tun 2016. Sai dai kwafin da waya ke aikawa Google Drive ba ya samun irin wannan kulli sai mutum ya kunna shi da kansa, zaɓin da aka ƙara a 2021 kuma ban san mutum biyar da suka kunna shi ba. Ban da wannan, neman magana ɗaya a cikin saƙonnin shekara biyar kamar neman allura ne a cikin rairayi.

Abu na gaba da ya dame ni shi ne daɗewa. Mahaifina ya bar takardu na ajami a cikin gafaka, wasu sun girme ni nesa ba kusa ba, kuma har yau ina buɗewa in karanta ba tare da neman izinin kowa ba. Manhaja ba ta da wannan tabbaci. Wani kamfanin Italiya mai suna Bending Spoons ya sayi Evernote, cinikin ya kammala a farkon 2023, kuma kafin shekarar ta ƙare an taƙaita masu amfani kyauta zuwa rubutu 50 da littafi ɗaya. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne labarin Skiff, domin shi kamfani ne da ya gina sunansa a kan kare sirri, yana kulle rubutu da wasiƙu tun daga na'urar mai su. A watan Fabrairu na 2024 Notion ya saye shi, aka sanar da rufe ayyukansa, aka ba mutane wa'adi su kwashe kayansu. Ke nan manhaja tana iya riƙe amana tsakani da Allah kuma ta mutu ta bar ka da kaya a hannu. Zanen aro ba ya rufe katara. Daga nan na ƙudurta cewa duk abin da zan zaɓa dole ya bar ni in fita da rubutuna cikin siffar da kowace kwamfuta za ta karanta.

Wannan siffa ita ce tsurar rubutu, wato fayil da babu komai cikinsa sai haruffa. Akwai wani tsari mai sauƙi na yi masa alamomi, sunansa Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004: alamar # a farkon layi tana nufin kanu, tauraro biyu a gefen kalma suna kaurara ta. Ko da duk manhajojin da suka san tsarin sun ɓace, fayil ɗin zai buɗe a kowace na'ura, mutum ya karanta shi da idonsa. Hirar awa biyu idan aka rubuta ta haka ba ta kai nauyin hoto ɗaya ba, wanda ga mai ƙirga megarsa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma yanayin gari. A watannin zafi wuta tana ɗaukewa ba sallama, forfen intanet yana ƙarewa a tsakiyar aiki, kuma idan na tafi ƙauye hira sau da yawa babu layin ma gaba ɗaya. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet ba ta da amfani a gare ni komai kyanta. Biyan kuɗi ma wata matsala ce, domin dala huɗu ko biyar a wata sun haura jika biyu na sefa, kuma ko mutum yana da kuɗin, kamfanonin suna neman katin banki irin wanda yawancin abokan aikina ba su da shi. Da waɗannan sharuɗɗa na zauna na gwada manhajoji biyar, kowace na ba ta aƙalla mako biyu da rubutun da ba na sirri ba.

Joplin na fara da ita, kuma har yanzu ina ganin ita ce zan nuna wa wanda yake son manhaja ɗaya tak. Wani Bafaranshe mai suna Laurent Cozic ne ya fitar da ita a 2017, kyauta ce, kuma buɗaɗɗiya ce, ma'ana lambobin da aka gina ta da su suna fili, duk mai ilimin abin yana iya dubawa ya ga ko tana aika wani abu a ɓoye. Tana aiki ba intanet, tana jera rubutu cikin littattafai da ƙananan littattafai kamar yadda malami ya saba, kuma ba ta tilasta maka rumbunta: kana iya haɗa waya da kwamfuta ta rumbunan intanet irin su Dropbox ko OneDrive ko Nextcloud, ka kunna kulli tun daga na'urarka ta yadda masu rumbun ba su ganin komai. Abu biyu ne suka sa ban tsaya a kanta ba. Kullin nata yana kare kwafin da ke tafiya waje ne, amma abin da ke cikin kwamfutarka yana zaune a buɗe, domin masu ita suna ganin kulle na'ura aikin na'urar ne. Sannan rubutun yana cikin ma'ajiya guda ta manhajar, ba fayiloli daban-daban da zan gani da sunayensu ba, kodayake tana barin mutum ya fitar da su a matsayin Markdown duk lokacin da ya so.

Logseq da Notesnook ban daɗe a kansu ba. Ta farko tana mayar da kowane layi ɗigo a cikin jeri, ni kuwa hira da tsoho dogon zance ce da ba ta son yankawa. Ta biyu, wadda wasu ƴan Pakistan suka gina, tana kulle komai tun daga waya kuma ban ga aibunta ba, sai dai aikin da take yi na riga na sami mai yi mini shi.

Mai yin aikin ita ce Standard Notes. Ba ta da ado ko kaɗan, musamman a tsarin kyauta wanda tsurar rubutu kawai yake bayarwa, amma duk abin da aka rubuta yana kulle tun kafin ya bar waya, ba sai an je an kunna wani abu ba. Tana barin mutum ya sa mata lambar buɗewa tata daban da ta waya, kuma wannan ne ainihin abin da ya amsa matsalar kwalin mai gyara. Buɗaɗɗiya ce, an kuma sha ba masana tsaro na waje su bincike ta. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Proton na Suwizalan, mai Proton Mail, ya saye ta. Da na karanta haka sai labarin Skiff ya faɗo mini, amma ita ta ci gaba da aiki, kuma tana ba da damar sauke kwafin dukan rubutu, a kulle ko a buɗe, abin da nake yi lokaci-lokaci domin kada in dogara da alherin kowa.

Sai dai Standard Notes akwati ce mai kyau, ba wurin tunani ba ce, kuma yawancin rubutuna ba sirri ba ne, ilimi ne da nake so ya haɗu da juna. A nan ne Obsidian ta shigo. Shida Li da Erica Xu ne suka fitar da ita a 2020, kuma tsarinta shi ne ka nuna mata folda, ko dosiye kamar yadda muke cewa a nan, ita kuma ta ɗauki kowane fayil na Markdown da ke ciki a matsayin shafi. Ba ta neman ka buɗe asusu, ba ta buƙatar intanet, kuma idan ka goge ta yau fayilolinka suna nan inda suke. Abin da ya kama ni shi ne yadda ake ɗaura shafi da shafi: ka sa suna tsakanin baka biyu masu kusurwa, sai sunan ya zama ƙofa zuwa shafinsa, shi kuma wancan shafin ya nuna maka duk wuraren da aka ambace shi.

Bari in nuna amfanin wannan da misali. Ina da shafi a kan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, da shafi a kan kashe Kaftin Cazemajou, hafsan sojan Faransa, a Zinder a 1898, da wani a kan yaƙin Tirmini na 1899 wanda bayansa Faransawa suka shiga gari. Da can waɗannan bayanai suna warwatse a cikin hirarraki daban-daban da na yi shekaru tsakaninsu. Da na ɗaura su, na buɗe shafin Tirmini, sai ga hirarraki huɗu sun jeru a ƙasa, biyu daga Birni, ɗaya daga Zango, ɗaya daga wani ƙauye, kuma a karon farko na lura cewa tsohon Zango da na ƙauyen sun ba da labari iri ɗaya game da hanyar da mutane suka bi suka gudu, wanda ya saɓa da na mutanen Birni. Ni na rubuta duka huɗun da hannuna, amma ban taɓa ganin su a gefen juna ba. Masu amfani da Obsidian suna yawan ambaton Niklas Luhmann, masanin zamantakewa na Jamus wanda ya bar katuna kusan 90,000 a cikin akwatuna, kowane da lambar da ke kai mai karatu zuwa wani. Ni ban kai ko kusa ba, kuma na lura cewa mutum yana iya ɓata wata guda yana gyaran tsari bai rubuta layi ɗaya ba, don haka na tsaya a kan folda uku kawai: mutane, wurare, da hirarraki.

Akwai wata wahala da ta shafe mu mu masu rubutu da Hausa, wadda ban ga an tattauna ta a ko'ina ba. Ga kwamfuta, ƙ da k haruffa biyu ne da ba su da dangantaka, haka ɗ da d, haka ɓ da b. Idan ranar da nake sauri na rubuta "kasa" alhali ina nufin "ƙasa", to ranar da na nemi "ƙasa" wancan shafin ba zai fito ba. Mu a Nijar muna rubuta "ƴaƴa", mutanen Kano suna rubuta "'ya'ya", kuma duk abin da na kwafo daga can yana ɓuya daga bincikena. Sunaye sun fi muni, domin takardun Faransanci suna cewa Tanimoune da Mirriah da Zengou, mu kuma muna cewa Tanimu da Mirya da Zango. Obsidian tana barin a ba shafi ɗaya laƙabi da yawa, don haka shafin Sarki Tanimu yana amsa sunansa ta kowace siffa idan zan ɗaura shi da wani. Sauran kalmomi kuwa babu dabara sai horo: na tilasta wa kaina rubuta haruffa masu lanƙwasa ko da ina kan babur, kuma na kwashe hutun makaranta guda ina gyaran tsofaffin shafuka.

Obsidian tana da nata raunin, kuma ba zan ɓoye ba. Ba buɗaɗɗiya ba ce, saboda haka abin da take yi a ciki sai dai a yarda da maganar masu ita. Ƙananan ƙare-ƙare da jama'a ke rubutawa ana ɗora mata suna iya taɓa duk abin da ke cikin foldar, shi ya sa na bar su a kashe kamar yadda ta zo. Babban raunin kuma shi ne wanda ya zama ƙarfinta: fayilolin a buɗe suke, duk wanda ya buɗe wayar zai iya karanta su da kowace manhajar duba fayil. Wayoyin Android na yanzu suna kulle ma'ajiyarsu, amma wannan kariya tana ƙarewa ne da zarar an sa lambar buɗewa. Da hirar tsohuwar nan tana cikin Obsidian ranar da na kai gyara, da babu abin da ya canza.

Shi ya sa a ƙarshe na raba rubutuna gida biyu maimakon in ci gaba da neman manhaja ɗaya da za ta yi komai. Abin da zan iya karantawa a gaban aji, ko a majalisar abokai ana shan shayi, yana cikin Obsidian a matsayin fayiloli. Abin da aka ba ni amana yana cikin Standard Notes, bayan lambar da ba ta waya ba. Inda hira ta haɗa biyun, na cire sunayen gidaje daga shafin da ke buɗe na sa alama kamar G7 ko G12, fassarar alamomin kuma tana cikin akwatin da ke kulle. Muryoyin da na ɗauka na kwashe su daga waya gaba ɗaya zuwa wani faifai da na kulle da manhajar kulle faifai mai suna VeraCrypt, domin muryar tsoho ba a iya sa mata alama a ɓoye mai ita. Rabawar ta ɗauke ni makonni, kuma ta tilasta mini in sake karanta kowace hira ina tambayar kaina ko mai maganar zai yarda a ji wannan. A wurare da dama na gane cewa ban taɓa tambayarsu ba, kuma wasunsu yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Irin waɗannan duk na sa su ɓangaren amana.

Wajen haɗa waya da kwamfuta ban sayi hidimar Obsidian ba, kodayake ita ma tana kulle rubutu tun daga na'ura, saboda matsalar kati da na ambata. Ina amfani da Syncthing, wata buɗaɗɗiyar manhaja da ke kwafe folda kai tsaye daga na'ura zuwa na'ura ba tare da ta ajiye komai a rumbun wani ba. Idan na kunna wifi na waya na haɗa kwamfutar da shi, cikin daƙiƙoƙi shafukan sun daidaita, ko da forfe ya ƙare. Masu ita sun daina fitar da ta Android a ƙarshen 2024, amma akwai reshenta mai suna Syncthing-Fork da ake samu a F-Droid, wata ma'ajiyar buɗaɗɗun manhajojin Android. Kafa ta karon farko yana da ɗan wuya, sai da wani ƙanena mai karatun kwamfuta ya zauna da ni yamma guda. Shi ne kuma ya ja kunnena cewa daidaitawa ba ajiya ba ce, domin abin da na goge bisa kuskure a waya zai goge a kwamfuta ma. Saboda haka duk ƙarshen wata, ranar da albashi ya shigo don kada in manta, ina kwafe foldar a kile biyu, wato ƴan ma'ajiyar USB, ɗaya a gidana, ɗaya a gidan yayata a wata unguwa, cikin gwangwanin da ƙura ba ta shiga.

Saura batun kalmar sirri, wanda ya fi kowane hana ni barci, tunda na zaɓi tsarin da mantuwa ba ta da magani. Na haɗa ta da kalmomi shida na Hausa da ba su da alaƙa da juna, na kauce wa haruffa masu lanƙwasa a cikinta domin kada wata rana in sami kaina gaban kwamfutar da ba ta da su. Sannan na yi tunanin ranar da ba na nan. Idan na tafi da kalmar a cikina, aikin shekara goma ya bi ni kabari, kuma tsofaffin nan ba don a binne maganarsu sau biyu suka ba ni ita ba. Na rubuta ta a takarda, na sa a ambulan na liƙe, na ajiye a cikin gafakar mahaifina tsakanin takardun ajami, tare da bayanin wanda za a miƙa wa da kuma shekarun da nake so a jira kafin a buɗe ɓangaren gidaje. Maiɗakina ta san wurin.

Makon jiya batirin wayar ya kumbura, na koma wurin ɗalibin nawa. Wasu wayoyin Samsung suna da yanayin gyara da ke ɓoye bayanan mai waya, tawa ba ta da shi, don haka da ya miƙo hannu ya ɗauko guntun takarda na ce masa wannan karon zan jira, idan ya gama in buɗe da kaina ya gwada a gabana. Ya dube ni, ya yi dariya, ya ce, "Mushe, ko dai an fara zargina ne?" Na ce masa ko kusa, kayan da ke ciki ne ba nawa ba. Ya mayar da takardar cikin aljihun tebur, ya jawo mini benci zuwa inuwa, ya aiki yaronsa ya kawo mini ruwan sanyi, sannan ya ɗauki sukudireba ya fara kwance bayan wayar.